Ranar da Dogo Ya Karɓi Kuɗin Surukarsa

Shekara da shekaru Dogo yana jan motar wasu tsakanin Tambuwal da Kebbe. Kullum da yamma ya miƙa wa mai mota makulli da ciniki, ya koma gida da ciwon baya. Bana dai ya sayar da gero da bijimin da ya turke, ya sayi tasa. Tsohuwa ce, ƙofar baya ma sai an lallashe ta take buɗewa, amma tasa ce.

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne sassaucin harajin da aka ce za a yi wa direban haya mai zaman kansa idan ya sayi mota. In ya samu, mota ta zauna. In bai samu ba, ba shi da abin biya, sai ya sayar da ita ya koma yaron wani. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: jami'i zai zo daga Sakkwato ya bi shi tafiya guda, ya gani da idonsa cewa haya ake yi da motar, ba yawon gida ba.

To, jami'in, wani Malam Shafi'u mai gilashi, bai tashi zuwa ba sai ranar da motar ta fara hawa hanya. Dangi kuwa sun ji labari. Kafin Dogo ya ce Kebbe, mota ta cika da masu zuwa sa albarka: kawunsa Atu da buhun dawa, malaminsa na allo, wata goggo da kajinta. Can a lungu ga Inna Suwaiba, uwar matarsa Nasiha, wadda ko ido bai taɓa haɗawa da ita ba.

A hanya duk wanda ya sauka sai ya yi addu'a ya kama gabansa. Wa zai karɓi kuɗin kawu? Wa zai miƙa wa malaminsa hannu? Dogo sai amin yake ta cewa, har da washe baki, bawan Allah bai lura da yadda Malam Shafi'u ke kallonsa ba.

Da suka shiga tashar Kebbe, jami'in ya gyara gilashi ya ce, "Direba, albarka kam na gani. Haya ce ban gani ba. Ko mutum ɗaya ya biya a gabana, sai in shaida."

Dogo ya kashe mota. Ya waiwaya, babu kowa a mota sai Inna Suwaiba, tana kwance bakin zanenta a hankali.

"Zo nan, ɗana," in ji ta.

Dogo ya zagayo ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Inna, da in karɓi kuɗinki gara in sayar da motagga."

"Ka sayar, ɗiyata ta ci mi?" Ta miƙo takardar kuɗin da ta sha ninki. "Tun kana yaron mota nika roƙon Allah ya ba ka taka. Yau ya ba ka, sai ka yar da ita don kunyata? Karɓi."

Wallahi kunya ta kusa kashe shi. Direbobin tasha sun zagaye su, wani har da tsokanar a ɗauki hoto. Dogo ya sa hannu biyu ya karɓa, idonsa ya cika da ƙwalla, don bai taɓa sanin tsohuwar nan tana yi masa addu'a ba. Malam Shafi'u ya gyaɗa kai ya ce ya shaida, motar haya ce.

Inna Suwaiba ba ta sauka ba. Ta bar hannunta a miƙe.

"Canjina fa?"

Dogo ya laluba aljihu, wayam. Ai tun safe, in ban da ita, babu wanda ya ba shi ko sisi. Tsohuwa ta juya ta dubi jami'in sama da ƙasa.

"Kai kuma, Malam, tun daga Tambuwal kaka zaune gidan gaba. Haya aka yi da motagga. Biya shi, ya ba ni canjina."