Jar Saniyar Aro

Hamman ya sauka daga kwalekwalen fito a gaɓar Guri, igiya naɗe a kafaɗarsa. Ciwon bushiya ya share masa garke tas, Baturen allurar shanu bai iso ba sai bayan ungulu sun ƙoshi. Abin da ya rage masa a duniya jar saniya ce guda, wadda ya ba amininsa Shu'ibu aro tun tana karsana. Ƙa'idar aron sananniya ce: in ta haihu uku, maruƙan na mai riƙo ne, uwar ta koma gida. Bara ta cika ukun. Da asuba ma ya bar matarsa Hajo tana wanke ƙwaryar tatsa.

A mashigar rugar ya ji labarin: Shu'ibu ya rasu kwana arba'in da suka wuce. Turakun shanu duk wayam, sai jar saniyar kaɗai a tsaye, wata 'yar yarinya ramammiya tana lasar bakin ƙoƙo a gefenta.

Safara'u, matar marigayin, ta fito cikin takaba ta durƙusa nesa da shi. Suka yi gaisuwar mutuwa.

"Maruƙan fa?" in ji Hamman.

"Sun bi sauran, Malam. Ita ce dai Allah ya tsallakar."

"To, a bar zancen. Ni gaisuwa na zo."

"Da igiya a kafaɗa?" Ba ta ɗago kai ba. "Maganarsa ta ƙarshe ke nan: in ka zo a damƙa maka ita. Kada ka bar shi kwance da kayan wani a wuya."

Ta tashi ta kwance saniyar da hannunta. Yarinyar, Barira 'yar marigayin, ta bi saniyar da ido. Hamman ya so a ce kuka ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya zarga igiyar, ya ja saniyar har wajen shinge. Ta sunsuni hannunsa kamar jiya suka rabu. Da kakarta mahaifinsa ya fara kiwo, kuma ya san babu wata bayanta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo.

"Innar Barira, kin shaida ta dawo hannuna?"

"Na shaida."

"Wuyan Shu'ibu ya fita?"

"Ya fita."

Sai ya sunkuya ya sa bakin igiyar a tafin yarinyar. "Barira, na ba ki aronta. In ta haihu uku, zan zo."

Safara'u ta dubi saniyar. Ita ma ta san saniyar ta tsufa, ko biyu da wuya ta ƙara.

A mafita mai fito ya dubi kafaɗarsa. "Ina abin da ka je karɓowa?"

"Na karɓa," in ji Hamman. Ya zauna a tsakiyar kwalekwalen, yana tunanin ƙwaryar Hajo, wadda yanzu ta bushe.