Mintuna Arba'in na Mai Usur

"Kama nan, Malama, ƙasan gwiwa. Yauwa, ɗaga a hankali."

Malamar lissafi ta tallafi ƙafar maƙwabcinta da hannu biyu, matarsa tana riƙe da diddigen. Suka lanƙwasa ta, suka miƙar, yadda likita ya nuna. Shi kuwa Mai Usur yana kwance, ido a silin, yana ƙirga musu da bakinsa da ya karkace tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

"Goma aka ce. Kun tsaya a takwas."

"Ji shi fa," in ji matar. "Malamar lissafi guda yake koya wa ƙirge."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma firamare ɗaya suke aiki. Shekara ashirin da shida yana koyar da motsa jiki, har yara suka manta da sunansa, sai dai Mai Usur. Ba ya yarda da layi. Cewa yake in yara arba'in suka jeru suna jiran ƙwallo ɗaya, to yaro ɗaya ne ke wasa, sauran gadi suke yi. Sai ya ɗinka ƙwallaye da tsummokara, ya yanka igiyar shanya gida goma, ya raba aji huɗu-huɗu. A wasansa ba a korar wanda ya faɗi. Mai ƙiba da mai tsoro da mai ɗingishi, kowa sai ya koma aji da gumi.

Daga nan sakamakon jarrabawa ya faɗi. A taron malamai hedimasta ya ce iyaye ba tsalle-tsalle suka turo 'ya'yansu koyo ba, wa ke son ƙarin lokaci? Malama ce ta fara ɗaga hannu, Mai Usur na zaune kusa da ita. Aka ba ta mintuna arba'in ɗinsa na ranar Laraba, sauran malamai suka rarrabe abin da ya rage. Rabin filin wasan makarantar aka yi gini, rabi ya zama wurin ajiye motoci. Shi kuma aka ba shi kujera a bakin ƙofa yana rubuta sunayen masu latti. Shekara biyu yana zaune a wurin, a kan kujerar nan kuma aka tsince shi ya langaɓe.

"Yau Laraba ko?" ya tambaya da suka ajiye ƙafar.

"Laraba ce, Baba."

"'Yan aji huɗu sun fita?"

"Sun fita," in ji Malama, tana gyara masa zanin rufa.

"Yarinyar nan mai tabarau, wadda ke ɓuya a bayan ƙofa, ta yi gudu?"

"Ta yi sosai."

"A ina?"

Ya sauke idonsa a hankali zuwa ƙwaurinsa, inda yatsunta suka bar fari-fari.

"Hannunki duk alli, 'yar nan. Har kin shafa min."

Ta sa gefen mayafinta za ta goge, ya ce ta bari.

"Ni ba riƙe ki na yi ba. Lissafi ma abu ne mai kyau. Amma ki leƙa ƙarƙashin benci wata rana, ki ga abin da ƙafafunsu ke yi kina magana."

"Baba, in ka warke..."

"Kai, bar wannan zancen. Saura biyu. Ku cika min goma."

Suka cika.

Ranar Lahadi da hantsi tana shanya a tsakar gida ta ji salatin matarsa ta kan katanga, sau ɗaya, da wata irin murya. Ta bar bokitin ta fita ko takalmi babu. Ta tarar an riga an ja masa zanin har ka. Matar ta ce ruwa ya nema, kafin ta dawo da kofi ya cika.

Ranar Laraba hedimasta ya kira Malama ofis. Takarda ce ta zo daga sama, wai binciken da aka yi ya nuna yara ba sa motsi, kowace makaranta ta ƙara musu lokacin wasa, ta aiko da rahoto.

"Tunda lokacin yana hannunki, ki cike wannan. Kowane mako ki rubuta an yi."

"Ranka ya daɗe, ba a yi ba ai."

"To a ina za a yi, Malama? A kan motarki? Ke fa kika nema."

Ta karɓi biro ta cike, layi goma sha biyu, ta sa hannu.

Da lokacin darasin ya yi, hedimasta ya sa aka fito da makarantar gaba ɗaya don karrama marigayi. Aka jera yara a tsakanin motoci, aji-aji, hannu a gefe. Ya yi jawabi mai tsawo a rana, ya ce an yi rashin gwarzo wanda ba za a maye gurbinsa ba. Sannan ya ce kowa ya tsaya cak, shiru na minti ɗaya, duk wanda ya motsa zai sha bulala.

Malama ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. A ƙarshen layin 'yan aji ɗaya ta hango wasu ƙananan ƙafafu cikin farar safa, ɗaya ta zame zuwa idon sawu. Suna ɗagawa a kan yatsu, suna sauka, suna ɗagawa. Monita ya lallaɓo ya ɗana musu rula. Ƙafafun suka haɗe wuri ɗaya, suka tsaya.