Kujerar Eno Birago

Oforiwa na danna makunni, kujerar ta yi ƙugi, ta fara ɗaga uwarta sama. Sai kuma ta shiga juyawa a hankali, har Eno Birago ta ba mu ƙeya, ta fuskanci bango.

"Ke 'yar banza!" in ji Eno da rabin bakinta mai motsi. "Cewa na yi ki fitar da ni cikin mutane, ba ki kai ni lilo ba!"

Muka yi dariya har sai da na dafa ƙofa. Rabon da in ji dariyar ƙawata tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita a kasuwar Kejetiya. Daga asibiti ɗakin baya aka wuce da ita, wai irin wannan ciwon jifa ne, ba a nuna shi. Ni dai na tsufa ina koyar da kimiyya a Kumasi, ban taɓa ganin jifan da awon jini ke kamawa ba.

Ranar Asabar za a raɗa wa 'yar ɗan Eno suna, sunan kakar kuma za a sa. Eno ta rantse sai ta zauna a sahu ta gaisa da baƙi. Oforiwa ba ta iya ɗaukarta ita kaɗai, mazan gidan kuma kowa baya ke masa ciwo. Da yake fiƙar ƙarfe ce sana'ar Oforiwa a Suwame, unguwar makanikai, sai ta haɗa kujera mai taya, da injin share gilashin mota da dogon sukuru, tana saukowa daidai katifa, ta hau daidai benci.

Kawu Kwarteng, babban dangi, yana bakin ƙofa. "Kun gani ko? Magabata ne suka juya mata fuska. Ta ba baƙi baya ranar suna, ai an zagi dangi ke nan."

"Ashe magabatan namu har kanikanci suka iya, Kawu," na ce.

"Sukurun ne ke juyawa," in ji Oforiwa, tana leƙen ƙarƙashi. "Sandar da kujerar ke kai sai ta bi shi, don babu abin da ya riƙe ta."

* * *

Ta fiƙe kwari guda a tsawon sandar, ta dasa haƙori a cikin bututun da sandar ke shiga, don ta zame sama da ƙasa ba tare da ta waiwaya ba. Da buhun masara aka gwada, lafiya lau. Da aka ɗora Eno kuwa, ana rabin hanya sandar ta cije.

"Ga ni nan kamar jemage, ba sama ba ƙasa," in ji Eno. "Tica, zo ki ba ni ruwa, nan zan tare."

Oforiwa ta share gumi. "Mama, buhu ya fi ki ladabi."

"Buhu a miƙe yake, sakarai. Ni a karkace nake. Dube ni da kyau mana."

Oforiwa ta tsaya ta dube ta. Gaskiya ne, duk nauyin ya tafi ɓangaren da ya mutu, haƙori ɗaya ke shan wahalar. Ta koma Suwame ta fiƙe kwari shida kewaye da sandar, kowanne da haƙorinsa. In ya matse ya cije, in ya yi sako-sako ya yi gyangyaɗi. Ta yi ta goge shi tana gwadawa, ta shafe shi da giris. Da Eno ta hau, sai ta tashi sumul, idonta cikin namu.

"To, Kawu, an shirya da magabata," in ji Eno.

* * *

Asabar kowa ya sha farin zane. Aka turo Eno sahun gaba, Kawu ya shiga gyaran mayafinsa. Baƙi suka biyo layi suna gaisuwa.

"Ku yi haƙuri da hagu, hannun dama ya tafi hutu," Eno ke ce musu.

Wasu suka kama hannun da hannu biyu, wasu suka tuna takalminsu na buƙatar kallo. Da makaɗa suka saki ganga, Eno ta riƙe makunni, tana hawa tana sauka daidai da kiɗan. Tsofaffin abokan kasuwarta suka kewaye ta suna kaɗa ƙyallaye, suna ihu. Ni ma na taka, gwiwa ko oho.

Aka ɗiga wa jaririya ruwa a harshe, aka ambaci suna: Birago. Sai aka fara miƙa ta hannu zuwa hannu a sahun manya. Eno ta sauke kujerarta daidai benci, ta shimfiɗa sabon zane a cinya.

Da jaririyar ta zo gab da Eno, Kawu ya ƙifta wa matar da ke kusa da ita ido. Matar ta miƙe da jaririyar, ta zagaya ta bayan kujerar, ta miƙa wa na gaba.

Ganga ba ta tsaya ba. Eno ta ci gaba da shafa zanen da tafin hagunta, tana miƙar da wuraren da suka tattare.