Tanki na Biyu

Lissafin ya sake tsayawa a wuri guda, kwamfutar ta fito da jan rubutu. Injiniya ta ture linzamin kwamfutar gefe ta yi tagumi.

Mai gidan da kamfaninsu ke haya ne ya dage sai ya ɗora tankin ruwa na biyu a kan rufin benen, daidai saman ofishin Oga, shugaban kamfanin. Tunda 'yan hayarsa masu auna ƙarfin gini ne, ya ce su duba su sa masa hannu. Aikin ba mai wuya ba ne. Manhajar tana ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da rufin nauyi kaɗan-kaɗan, kuma inda lissafi ya ƙi daidaita, nan ne ƙarfen ya lanƙwashe ya saki. Tun ruwan tankin bai kai rabi ba lissafin yake ƙi.

Oga ya sauko, turarensa ya riga shi isowa. Ba-Matsala ake ce masa a bayan idonsa. Takardun shaida sun cika masa bango, amma rabonsa da riƙe fensir tun gashinsa na baƙi.

"Har yanzu? Mai gida fa ya ishe ni da waya."

"Yallaɓai, ba zai ɗauka ba. Duba inda yake tsayawa."

Ya leƙa, ya ja tsaki. "Wannan ai gardamar na'ura ce. Kin matsa mata da yawa. Sassauta mata sharaɗi, za ta wuce."

"In na sassauta, ko a kan kara aka ɗora tankin za ta ba mu amsa."

"To, ba amsar muke nema ba?"

Mutumin nan fa shi ya koya mata wannan darasi a jami'a, har ya kayar da rabin aji a kansa.

Ya jawo kujera, ya cire agogo sai ka ce mai shirin tiyata, ya dinga sassautawa da yatsa ɗaya har jan rubutun ya ɓace. Ya bugi tebur. "Kin gani? Ba matsala!"

"Ni dai ba zan sa hannu ba, yallaɓai."

Ta zaci kora ce za ta biyo baya. Sai ya yi murmushi, ya zaro birosa, ya rattaba nasa hannun.

Da la'asar leburori suka ja tankin sama da igiya. Oga ya tara ma'aikata, yana dafe da gwiwa.

"Ƙafar nan tawa ba ta son matakala kuma. Zan dawo ɗakin nan na bakin ƙofa. Ke kuwa, 'yata, mai gaskiya irinki ai ofishin sama ya dace da ita."

Aka yi ta tafi, har da masu cewa Allah ya sanya alheri.

Ta hau da mukulli a hannu. Ga kujera mai juyawa, ga na'urar sanyi, ƙusoshi kaɗai suka rage a bango. Ba ta kai ga zama ba ta ji an kunna famfo, ruwa ya fara zuba cikin tankin da ke saman kanta.