Ki Jira Ni a Tanti

Da Holger ya san abin da yammacin Asabar ɗin nan zai zo da shi, da bai tumɓuke tantinsa ya mayar da shi gindin bishiya ba.

Shekara ta uku ke nan yana kawo 'yarsa Majken taron masu goge da ake yi a bakin tabki duk watan Yuli. Shi ba ya kiɗa, direban motar katako ne, kuma mutum ne mai fargaba. Ya auna tazara tsakaninsa da maƙwabta saboda gobara, ya buga kowane turke sau biyu, ya kai murhun gas nesa da busasshiyar ciyawa. Tsoho Sixten, malamin gogen Majken, yana zaune yana kallonsa.

"Kai Holger, kwana biyu za ka yi ko gida kake ginawa? Saura siminti."

"Yi dariyarka, tsoho. Bara tantin wa aka tsamo daga tabki?"

"Wanka ya je."

Gogen Majken na marigayi kakanta ne, kuma duk mai goge ya san zafin rana yana sassauta danƙon da ya riƙe katakon. Da hantsi ta leƙa tantin ta fito tana fifita.

"Baba, ciki kamar tanda. Gogen Kaka zai buɗe fa."

Holger ya duba ya ga rabin makaɗan a inuwa suka kafa nasu. Ya ciro turakunsa ya koma ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, ya sake bugawa sau bibbiyu. Da za ta tafi ya buɗe baki, ta riga shi.

"Na sani. Komai ya faru, in koma tanti in jira ka. Shekarata sha shida fa, Baba."

"Ko sittin ce."

Tun tana 'yar shekara shida ya kafa mata dokar nan, ranar da ta ɓace masa a kasuwa.

Da rana ta karkata makaɗa suka watsu cikin kurmin da ke kusa don yin kiɗa kamar yadda aka saba, biyar nan, goma can, kowa ya kashe waya ya jefa a akwatin goge. Holger yana layin kofi da burodin kirfa sai ya ga hadari ya haɗo, tabkin ya yi baƙi. Lasifika ta ce kowa ya bar tanti, ya bar gindin bishiya, a shiga zauren rawa ko mota. Ya kira Majken, a kashe. Ya nufi kurmi a guje, wata ma'aikaciyar taron ta tare shi ta ce an kwashe na cikin kurmi duka zuwa zaure.

Zauren ya cika maƙil, ruwa na dukan rufi. Yana kutsawa yana leƙa fuskoki har ya ga Sixten a jiƙe sharkaf.

"Ina yarinyar?"

"Ba tana wurinka ba? Na riƙe hannunta ta fizge. Ta ce kai ka ce..."

Holger bai tsaya jin sauran ba. Iska ta kayar da shi sau biyu kafin ya isa. Tantunan maƙwabta duk sun tashi, nasa kaɗai ya tsaya inda ya kafa shi, ko turke ɗaya bai fita ba. Wani ƙaton reshe ya danne shi ta tsakiya. Sai da maza huɗu suka kama kafin ya ɗagu. Tana ciki a duƙe, ta rufe akwatin gogen da jikinta, hannunta na hagu a sama, inda reshen ya sauka.

"Baba, na jira ka," ta ce.

A asibiti likita ta ce yatsu uku sun karye, jijiya ɗaya ta yanke, an ɗinke ta. Washegari Sixten ya zo da gogen, ko ƙwarzane babu. Ya tsaya a ƙofa yana juya hularsa.

"Ni ma a inuwa na kafa nawa, Holger. Shekara arba'in."

"Kai ba ka ce mata ta jira ba."

Holger ya tura akwatin ƙarƙashin gado don kada ta farka ta gani. Ya zauna yana kallon bandejin.

Likita ta ce sai bayan hunturu za a gane ko yatsun za su sake danna tsirkiya. Majken ba ta tambaya ba tukuna, shi ma bai san abin da zai ce mata ba ranar da za ta tambaya.