Shuɗin Bakin Mayafi

Shekara goma sha ɗaya matar Tela tana roƙon a yi wa ɗakinta fenti, shi kuma yana cewa bari aiki ya lafa. Aikin ɗinki kuwa yaushe ya taɓa lafawa? Bangon ya tashi daga fari ya koma kalar ruwan wanki. Sai ranar da likita ya ja shi gefe a barandar asibiti, ya ce huhunta ya gama aiki, su kai ta gida ta huta cikin 'ya'yanta, sannan Tela ya tuna da bango.

Ita abu ɗaya ta roƙa, kuma ba fenti ba ne. Ta ce a mayar da ita ɗakinta, kan gadonta, kada ta cika a ƙarƙashin fankar asibiti. Shi ne da bakinsa ya ce ba za ta koma wannan dauɗar ba, ta ba shi kwana uku. Ya tambaye ta kalar da take so. Magana ta yi mata nauyi, sai ta kama bakin mayafinta ta nuna masa wani siririn layi shuɗi mai ɗan duhu. Allah kaɗai ya san ko zaɓa ta yi, ko so take ya ƙyale ta ta yi barci.

To, a nan halin mutumin ya motsa. Tela ne fa da zai warware riga guda saboda zare ya saɓa da yadi da abin da ba idon da ke gani sai nasa. Ya yanko ƙyallen mayafin ya tafi shagon fenti. Mai fenti ya dama masa fentin ruwa har sau huɗu, yana shafawa a kwali, Tela yana kai kwalin bakin ƙofa yana karawa da ƙyallen yana girgiza kai. Wannan ya yi haske, wancan ya ja kore. Da mai shagon ya gaji, ya buɗe wani gwangwani na fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Shi ne, sak.

Mai fenti ya ce wannan ba na ɗakin kwana ba ne, warinsa sai ya yi sati biyu bai fita ba, lafiyayye ma kansa yake sarawa. Tela ya ji, ba wai bai ji ba. Ya ce za a buɗe taga a kunna fanka. A ransa kuwa gani yake sau ɗaya a rayuwa zai ba ta daidai abin da ta nuna, ba mai kama da shi ba, kuma kunya ce take cin sa.

Babbar 'yarsu ta zo ta tarar an fitar da gado tsakar gida, an shafa wa bango fenti hannu na biyu. Ta toshe hanci da gyale ta ce, "Baba, Mama za ta shaƙi wannan?"

Ya ce mata ta bar shi da abin da ya sani.

Ranar da aka dawo da ita, shi da babbar 'yar suka riƙo ta daga mota, ba nauyi kamar an cire mata ƙashi. Ɗakin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Taku biyu ta yi daga bakin ƙofa tari ya sarƙe ta, ta durƙushe, leɓenta ya canja kala. Da gudu suka fito da ita. Falo ma warin ya cika shi, haka ɗakin yara. Wuri ɗaya ya rage, ɗan ɗakin ajiya na bayan gida inda Tela ke tara tsofaffin kekunan ɗinki da buhunan ƙyalle, bangonsa ko filasta babu. Nan aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa.

Ya jera bokitan ruwa a ɗakinta, ya yanka albasa ya baza don su zuƙe warin, ya aro fanka biyu wajen maƙwabta. Kowace safiya sai ya shiga ya ja numfashi, ya fito ya ce mata warin ya kusa fita. Ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan ne ya fi ƙona shi. A rana ta huɗu ta dube shi ta ce, "Malam, ka zauna nan kusa da ni. Ka bar ɗakin nan haka." Ya ce bari ya juya fanka ya dawo. Kafin ya dawo ta cika, 'yarta na riƙe da hannunta, fuskarta na kallon bulo.

Da gida ya cika da masu gaisuwa, wuri ya yi kaɗan, dole aka shimfiɗa wa mata tabarmi a sabon ɗakin. Suna fifita da gyale suna share ido, wasu don kuka, wasu don wari. Tela na wucewa ta ƙofar wata ƙanwar matarsa ta tsayar da shi, ta yi masa gaisuwa, sannan ta rage murya ta ce Yaya dai ta yi dacen miji, dubi ɗakin da ya gyara mata, ko zai taimaka mata da lambar mai fentin?

Ya laluba aljihu, ya karanta mata lambar.