Akwatin da Ba Ya Magana Sai An Tambaye Shi

Mijina ba injiniya ba ne. Gara in faɗa tun farko, don shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka bi don a zauna lafiya. Aikinsa duba ma'aunin ruwan kogi, ya aika lambar hedkwata. Shi ke nan fa. Amma in ka ga yadda yake rataya makullai a ƙugu, sai ka rantse da izininsa kogin yake tafiya.

Tashar da yake aiki tana can inda hanya ta ƙare, waya ba ta kamawa ko bishiya ka hau. Ɗaki biyu ne a jere, ɗaya ofis, ɗaya namu. A ofis akwai rediyo da tsohuwar kwamfuta, tsakaninsu kuma wani ɗan baƙin akwati mai fitilu a goshi. Akwatin ne ke karɓar ƙarar da rediyo ya kamo, ya mai da ita rubutu. Duk labarin duniya ta nan yake iso mu. Ni kuwa labari ɗaya nake jira. Gwaggo tana asibiti a gari. Shi mahaifiyarsa ce, ni ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ban san hannun damana ba. Wansa, Yaya Babba, ya ce in jikin ya motsa zai je hedkwata a aiko mana.

Ana cikin haka hedkwata ta turo wata ma'aikaciya mai tabarau ta sabunta kayan ofis. Na kawo musu ruwa, na tsaya bakin ƙofa ina jin bayaninta.

"Da, akwatin nan surutu gare shi," in ji ta. "Duk abin da ya shigo sai ya watso a allo, ko kana tsakiyar rubutu. Yanzu na canza masa tsari. Ba zai ce uffan ba sai an tambaye shi. Wannan sabuwar manhajar ce mai tambayar, ba ta gajiya: akwai saƙo? akwai saƙo? Tsohuwar ba ta san tambaya ba. In ka buɗe ta za ka ga allo wayam, alhali saƙo na ciki a ajiye. Ka ga jar fitilar nan? In ta tsaya a kunne, akwai abin da ba a karɓa ba."

Injiniya rabin farko kawai ya ji. Ya washe baki ya dube ni.

"Kin ji akwati mai tarbiyya? Ƙarfe ma ya san ba a magana sai an tambaya."

Dokar gidanmu ke nan. Ko gobara na gani, in na buɗe baki abin da zan ji shi ne, "Na tambaye ki?"

Motar Mai Tabarau ba ta gama ɓacewa ba ya rufe sabuwar manhajar. Wai launukanta kamar kayan wasan yara, wai yana wannan aikin tun yarinyar tana goye. Gaskiyar magana, mace ce ta koya masa a gabana, abin ya tsaya masa a wuya. Ya koma tsohon baƙin allonsa. Rani ne, kogi ya janye, sai ƙarshen wata ake aika lamba, don haka babu abin da zai tona masa asiri. Kullum da safe ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya ƙura wa allo ido, ya leƙo ya ce, "Shiru. Gwaggo ta samu sauƙi ke nan." Da ganin yadda yake faɗa, kai ka ce shi ya ba ta maganin.

Wata safiya ina shara na ga jar fitilar a kunne. Na yar da tsintsiya. Na same shi yana goge takalmi.

"Fitilar da matar nan ta ce..."

"Na tambaye ki?"

"Don Allah ka buɗe sabuwar, ko sau ɗaya. Gwaggo ce fa."

"Uwata ce ko taki? Ke da ko sunanki da ƙyar kike rubutawa, ke za ki karanta min fitila?"

Daga ranar ya riƙa kulle ofis, makullin ya koma ƙugu. Ta taga nake leƙen fitilar, tana nan ja kamar garwashi. Na roƙe shi da safe, na roƙe shi bayan ya ci ya ƙoshi, na yi kuka. Ko a jikinsa. Ƙarshe ma ya yanko takarda ya liƙe fitilar, wai tana ɗauke masa hankali. Ina ganin haka na ji ya fita raina fit, kuma har yau bai dawo ba.

Ranar da motar kayan abinci ta zo, direban bai yi wasan da ya saba ba. Ya cire hula ya ce min, "Ya haƙuri?" Sai ya miƙo ƙullin leda, wai daga gida aka ce ya kawo min. Mayafin Gwaggo ne, da ƙamshinta a jiki. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye.

Injiniya ya fito yana kumfar baki. "Wace irin magana ce wannan? Ba a aiko min ba! Wallahi sai na kai ƙarar hedkwata!"

"An aiko, ranka ya daɗe," in ji direban. "Duk saƙon da aka turo, akwatinka ya amsa cewa ya karɓa. Shi ya sa ba a taso mota ba. Kowa ya ɗauka kana gani."

Ya ruga ya buɗe ofis. Da ƙyar ya gano inda sabuwar manhajar take, babban injiniya. Tana buɗewa ta yi tambayarta, akwati ya amayo abin da ke cikinsa. Na tsaya a bayansa, kuma ni da ya ce ban iya karatu ba na karanta tsaf.

Jikin Gwaggo ya tsananta, ku taho.

Tana kiran sunanku.

Ta ce ko kai ba ka da lokaci, ka turo mata 'yarta.

Allah ya yi mata rasuwa.

Na ƙarshen daga Yaya Babba ne: Akwatinka ya fi ka ladabi, shi ya amsa. Ba sai ka zo ba.

Ya juyo, makullai na kaɗawa a ƙugunsa, idonsa ya yi ja. Muryarsa ta koma 'yar ƙarama.

"Yanzu ya zan yi? Ke nake tambaya. Ki ce wani abu mana."

Shekara da shekaru ina jiran mutumin nan ya tambaye ni. Na dube shi sama da ƙasa, na rasa ko tsakin da zan ɓata a kansa. Na yafa mayafin Gwaggo, na ɗauko jakata, na ce wa direba ya tada mota.